Akori-kurar Agadas

Tun kafin mu gama karkaɗe yashin da ke kunnuwanmu a tashar Agadas, Yaya Habu ya riga ya shaida wa rabin garin cewa ƙaninsa bakanike ne. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa jandarma, har wani raƙumi da ke durƙushe a bakin tasha na ga ya tsaya kusa da shi, ina jin shi ma sai da aka sanar da shi.

"Wannan ɗan da kuke gani," in ji shi yana dafa ƙeyata, "a Kazaure ya koyi inji. In mota ta yi tari daga nesa, zai gaya muku abin da ta ci jiya."

Ni kuwa sai in ƙara gyara tsayuwa, in shafa sifanar da na soke a aljihun gaba don kowa ya gani.

Abin da ya kai mu wannan uwa duniya mota ce. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa a Babura yana son a kai masa gero Kazaure ko Kano, motoci kuwa ba su isa ba. Yaya Habu ya daɗe yana yaron mota har ya sami lasin. Sai ya ji labarin Turawan da ke keto Sahara da tsofaffin motoci suna sayarwa da araha a Agadas, masu sitiyari a hagu, daidai da tuƙin hannun dama da aka koma a ƙasarmu. Ya yi ta bin Baba da magiya har Baba ya kai shanun huɗarmu biyu kasuwa, Bakale da Jan Wuya. Abin da Baba ya ce mana kawai shi ne, "Ku dawo kafin ruwa ya sauka. In mota ta zo, ita za ta ɗauko mana hayar shanu. In ba ta zo ba, ba shanu ba mota." Aka haɗa ni da shi don in duba inji kada a cuce mu.

To, ga yadda kanikancin nawa yake. A garejin Oga Tanko da ke Kazaure na iya wanke ƙarfe da fetur har ya yi ƙyalli kamar kwanon amarya. Na iya kwance taya, na iya kankare fulogi, na iya riƙe fitila ba tare da hannuna ya yi rawa ba. Amma akwai aiki guda da oga ba ya yi a gaban yaro, wato saitin wuta, wanda muke ce wa taimin. Da zarar Oga Tanko ya ɗora sifana a kan notin distiributa, wannan ƴar tukunyar da ke raba wa fulogai wuta, sai ya ɗago kai ya ce, "Ilu, je ka sayo min goro. Na bakin kasuwa, ba na nan kusa ba." Kafin in dawo mota tana waƙa. Ba shi kaɗai ba ne, haka duk ogogi suke, sai an kusa yaye yaro ake nuna masa. Yaron da ya tambaya kuwa ranƙwashi ne amsarsa. A gida ba wanda ya san wannan. Baƙin farce suke gani in na zo hutun salla, sai kuma bakina, wanda bai taɓa yin faci ba.

Dillalin da ya kama mu sunansa Isufu, wani siriri mai haƙorin makka da dariya ba dalili. Ya kai mu wani gida inda muka tarar da Bature mai gajeren wando, rana ta gasa shi ya yi jajir kamar tattasai, yana zaune a bayan wata farar akori-kura. Yaya Habu yana ganinta ya manta da sunansa.

"Bakanike, bismilla," in ji shi.

Na zagaya ta. Na shuri tayoyi. Na zaro sandar gwajin baƙin mai na sansana, na yamutsa fuska kamar yadda Oga Tanko ke yi. Sannan na shige ƙarƙashinta na kwanta, domin a duk Agadas nan ne kaɗai na sami inuwa mai daɗi. Da na huta na fito na ce, "Ba laifi." Baturen ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Aka yi ciniki, aka tafa.

Isufu ya ce sai ta kwana a gidansa kafin takardun duwan, wato kwastan, su fito. Da safe muka zo, Yaya ya zauna a kujerar direba kamar sabon hakimi, ya murɗa makulli. Sai muka ji ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Na buɗe bonet, sai ga wani batir da ya yi furfura a kai, wanda na tabbata ya ga zamanin Turawan farko.

"Ilu, wannan ne na jiya?"

Jiya ina ƙarƙashin mota ina hutawa, ina na ga batir? Na ce, "Kamar shi ne."

"Sanyin safiyar Agadas ne," in ji Isufu, haƙorinsa yana walƙiya. "Tsofar da batir yake yi. Ai tana da handul, me kuke nema kuma?"

Baturen ya riga ya bi wata mota ya yi Yamai. Haka muka zaro handul, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake zurawa a hancin mota a murɗa da hannu. Yaya ya murɗa, ta tashi. Muka cika tanki da wani fetur na durom mai launin shayin da aka sake dafawa, muka ɗaura salkar ruwa a baya, muka fuskanci kudu.

Hanyar Agadas zuwa Adarbisnat ba hanya ba ce, sawun waɗanda suka riga ka ne kawai a cikin yashi. Ba mu yi nisa ba motar ta fara magana. Duk lokacin da Yaya ya taka totur don ta fita daga yashi, sai mu ji ƙar-ƙar-ƙar daga cikin injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Allurar zafi kuwa ta kama hawa ba ta waiwaye.

"Bakanike, me take cewa?"

"Baƙunta ce, Yaya. Ba ta saba da mu ba."

Muka yi ta tsayawa tana hucewa. Ruwan salkar da muka tanada don cikinmu, lagireto ya shanye fiye da rabi. Abincinmu dabino ne da cuku, wani busasshen abu na nonon akuya da za a iya yi wa takalmi ƙasa da shi. A ranar na gane ashe tuwon dawar Inna da miyar kuka, wanda nake yi wa tsaki, abincin sarakuna ne. Na rufe ido na hango ƙofar gidanmu, da tsamiyar da Bakale ke sosa wuya a jikinta, sai na tuna yanzu ba Bakale a wurin. Na buɗe idon da sauri.

A wata rijiya wata Buzuwa ta ga yadda leɓunanmu suka tsattsage. Ba ta jin Hausa sosai, mu ba ma jin yarenta ko kaɗan. Ta miƙo ƙwaryar nonon raƙumi, muka sha, Yaya ya laluba aljihu, ta kaɗa hannu ta juya abinta. Nonon ya wanke min ciki har sai da na riƙa gudu bayan duwatsu, amma har gobe ina yi mata addu'a.

A Adarbisnat wani direban babbar mota ya ji shigowarmu, ya leƙo ta taga yana wucewa ya ɗaga murya: "Kai ƴan Najeriya! Wutarta ta yi gaba! Ku gyara, in ba haka ba za ta huda muku fistan!"

Yaya ya dube ni. Na gyaɗa kai kamar dama abin da nake shirin faɗa ke nan. Amma fa yanzu na san sunan ciwon, kuma shi ne ciwon da ban taɓa ganin an yi wa magani ba.

"Sai mun kai Tanut," na ce. "Nan yashi zai shiga."

Na yi ta fatan kada mu kai Tanut, amma muka kai, kuma ranar kasuwa. Yaya ya tsaya a tsakiyar fili, ya bar injin yana aiki, ya fito ya fara sanarwarsa. Kafin in buɗe bonet an yi mana zobe. Na zaro sifana. Noti dai na san shi, don a kansa ake aikena. Na sassauta shi, na kama distiributa na juya ta gefe guda. Injin ya yi lagwas kamar zai mutu. Na yi maza na juya ta ɗaya gefen. Sai ya ɗauka, ya yi wani irin kuka mai ƙarfi. Na ƙara juyawa, ya ƙara tashi. Na ce a raina, ashe abin da ake ɓoye min ke nan? Don wannan na gama takalmina a hanyar masu goro? Na ƙara mata kaɗan don kyauta, na ɗaure noti.

"Kun ji ko?" in ji Yaya Habu. "Kun ji yadda ta washe? Ɗan Kazaure ke nan!"

Ya kashe mota, ya saya min tsire, har da ƙarin albasa. Muka yi azahar. Da muka dawo ya zura handul, ya tofa yawu a tafin hannu, ya murɗa da ƙarfinsa duka.

Motar ta mayar masa. Handul ɗin ya juyo baya kamar shurin jaki, na ji wani ƙas wanda ba na ƙarfe ba ne. Yaya bai yi ihu ba. Zama ya yi a ƙasa, ya rungume hannunsa na dama, wuyan hannun ya lanƙwashe inda Allah bai yi masa gaɓa ba. Ya ɗago ya dube ni, gumi yana zubo masa.

"Ilu, me ka yi mata?"



Mutane suka tallabe shi zuwa gidan maɗori. Ni kuwa, maimakon in zauna in yi kuka kamar ɗan kirki, sai na koma wa motar da abin da na iya. Na fizge wayoyin fulogi duka huɗu, na cire hular distiributa, na wanke komai da fetur tas. Sai da na zo mayarwa na ga ramuka huɗu, wayoyi huɗu, kuma ba wanda aka rubuta wa suna. Na cusa su yadda suka fi kyan gani. Handul kuwa ko kallonsa ba na son yi, sai na yi wa yaran kasuwa alkawarin yawo in suka tura ni.

Suka tura. Na saki kuloci. Motar ta yi wata ƙara da na tabbata an ji ta a Babura. Wuta ta yi tsalle daga kabireta, jakin wani mai gawayi ya tsinke igiya ya nufi Agadas, wata mai ƙosai ta bar kaskonta ta shige shagon tela. Na sauya wayoyi, aka sake turawa, wannan karon ta salansa ta harba. Kafin la'asar yaran Tanut sun raɗa min suna Mushe Bindiga, wato Malam Bindiga a Faransancinsu. In na bi ta layi sai su toshe kunnuwa su faɗi ƙasa.

Muka yi kwanaki a Tanut. Maɗorin ya bar mu a zaurensa, matarsa Iya Hajara kuma kullum sai ta aiko da fura, ta ce a ba marar lafiya da "wancan mai harbin". Kowace safiya in je in sauya wayoyi, kowace safiya ta harba ko ta yi shiru. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya fara zagayawa yana shafa ta, yana taya ta a farashin jaki, jakin ma gurgu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kudu. Da yamma sai hadari ya haɗu can wajen gida, baƙi ƙirin, yana walƙiya. Yaya yakan zauna a ƙofar zaure da hannunsa cikin karan ɗori, ya zuba wa hadarin ido.

Wata yamma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ilu, tsakaninka da Allah. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Na nemi wata ƙaryar a bakina, na tarar sun ƙare.

"Ban taɓa gani ba, Yaya. In an zo wurin aikena ake yi."

Na sunkuyar da kai ina jiran mari, har na zaɓa masa kuncin da zai fi masa sauƙi da hannun hagu. Bai mare ni ba.

"Da a Babura ka faɗi haka," in ji shi, "da yanzu Bakale yana gida."

Da ya mare ni da na fi jin daɗi. Furar ranar ban iya sha ba, ni da ko a gidan makoki ba na barin kwano da saura.

Washegari ina tsaye a gaban motar da wayoyi a hannu, yara sun jeru suna jiran harbi, sai na lura da wani Buzu a gindin wata babbar mota mai lodin gishiri. Ya naɗe fuskarsa da baƙin rawani, idanu kawai ake gani, yana dafa shayi a ɗan mangal. Ya daɗe yana kallona. Can ya taso da ɗan kofinsa, ya dubi yaran ya ce, "Ku ba bakanike wuri, aiki zai yi." Suka ja baya. Ya zo ya jingina da motar ta yadda babbar rigarsa ta kare ni daga idon mutane.

"Sunana Agali," ya ce a hankali. "Kai ne ka karya ɗan'uwanka?"

"Ni ne."

"To. Ni ba zan taɓa ba, hannuna da shayi. Ciro fulogi na ɗaya, ga shi nan. Toshe ramin da babban yatsa."

Ashe shi ne direban babbar motar. Ya kira yaron motarsa ya riƙa murɗa handul sannu a hankali, makulli a kashe. Can na ji iska tana turo yatsana har ta yi fus.

"Ka ji? Fistan ne yake hawowa. Dubi fuli, wancan faifan da bel ke zagayawa. Akwai ɗan tsagi a bakinsa."

Na goge da gefen rigata, sai ga tsagi, ga kuma wani ɗan tsinin ƙarfe a jikin injin. Sau nawa na wanke irin wannan fuli a Kazaure, ina zaton tsagin tabo ne! Aka murɗa kaɗan har suka yi daidai.

"Yanzu dubi rota, wancan ɗan yatsan da ke juyawa cikin tukunya. Ramin da yake nunawa, nan wayar fulogi na ɗaya take. Daga nan ka bi yadda yake juyawa: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Faɗa."

"Ɗaya, uku, huɗu, biyu."

"Ko an tashe ka daga barci kada ka ce ɗaya, biyu."

Na jera wayoyi. Sai ya yago ƴar siririyar takarda daga kwalin taba ya miƙo min, ya ce in sassauta noti, in maƙala takardar tsakanin bakin kwantak, ƴan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa su rufe. Ya sa na juya tukunyar har suka cije takardar, sannan in dawo da ita a hankali ina jan takardar kaɗan kaɗan.

"Sannu! Ka taɓa tatsar raƙuma? Ba a fizga. Inda ta saki takardar, nan wuta ke tashi. Tsaya nan. Ɗaure."

Na ɗaure. Sannan na yi abin da ban taɓa yi a gareji ba, na yi tambaya. Na ce, "Baba Agali, to me ya sa da na juya ta ta yi ƙarfi, amma ta karya Yaya?" Na ɗan kare kaina da hannu saboda sabo.

Ya kurɓi shayi ta ƙarƙashin rawani. "Ka ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya? In ɗaya ta sako taɓarya kafin ɗayar ta ɗaga, me zai faru?"

"Su yi karo."

"To haka wuta da fistan. In wuta ta riga shi, yana hawowa take dukan kansa, shi ne tsakuwar da kuka riƙa ji. In ta riga shi da yawa, baya take mayar da shi, handul ya bi, hannu ya bi. In kuma ta makara, ya riga ya tafi, sai ta bi shi ta salansa, mota ta yi nauyi. Baturen ya saita ta da man ƙasarsu mai kyau. Man durom ba ya jira, da wuri yake kamawa. Baya kaɗan take so, kai kuma ka kai ta gaba."

Ya nuna min yadda ake riƙe handul, babban yatsa a gefe ɗaya da sauran, a ja sama, kada a danna ƙasa. Na yi bismilla ta fi cikin carbi, na ja. Ta tashi. Ba harbi, ba tari, sai wani kuka mai laushi kamar mage ta ƙoshi.

Yaran suka ji haushi an hana su wasa. Sai wani ya ce, "Mushe Bindiga ya gyara!" Agali ya ɗaga kofinsa ya ce, "Awo, ɗan Kazaure ne, ni inuwa kawai na yi masa." Wannan maganar ta fi duk tsokanar yaran ƙona ni. Na so ƙasa ta tsage.

Bai bar mu haka ba. Ya shiga muka fita bayan gari, ya sa na saka wa Yaya babbar giya mota tana tafiya a hankali, Yaya ya taka totur har ƙasa. Muka ji ƙar-ƙar kaɗan. Muka tsaya, ya nuna min gefen da rota ke juyawa ya ce nan ne baya, na matsar da ita kamar kaurin ƙwayar gero. Muka sake gwadawa, shiru. Yaya ya ciro ƴan kuɗin sefa da suka rage mana, Agali ya ture hannunsa.

"Ka saya wa Iya Hajara sukari," in ji shi. "Kai kuma bakanike, kunne ne aikin. In kaya ya ƙaru ko mai ya sauya, ka sake saurare."

Daga Tanut tuƙin mutum biyu muka yi. Yaya yana riƙe da sitiyari da hagu, yana taka kuloci, ni ina gefensa ina saka giya in ya ce "biyu!" ko "uku!" Sau da yawa nakan ba shi huɗu a maimakon biyu, ya ce, "Hannu bai ishe ka ba, wuyana kake nema?" A nan na san ya fara hucewa, don tun da ya karye bai zage ni ba sai ranar. A Damagaram wani jandarma ya leƙo ya ga direba da karan ɗori da yaro riƙe da giya, ya tambayi wane ne direban. Yaya ya ce, "Mu ne." Mutumin ya yi dariya har ya manta da takardu.

A Damagaram ɗin muka sami lodinmu na farko, buhunan kanwa na wani ɗan kasuwa zuwa Magarya. Muna fara hawan wani tudu da nauyin, sai ga tsakuwa ta dawo, ƙar-ƙar-ƙar. Yaya ya tsaya a gefen hanya. Ba Agali, ba rigar da za ta kare ni, sai mu biyu da wasu awaki.

Na fito da sifana. Yaya ya ja da baya sosai, ya ɓoye hannunsa na hagu a bayansa.

"Wannan ɗayan da shi nake cin tuwo yanzu," in ji shi. "Ka yi a hankali."

Na tsinci ƙusa na ja layi a jikin tukunyar da mazauninta, don in na ɓata in san hanyar komawa. Na sassauta noti. Hannuna ya so ya bi gefen da injin ke daɗin kuka, na hana shi. Na bi gefen da rota ke juyawa, ƙwayar gero ɗaya, na ɗaure. Muka koma gindin tudun muka sake hawa. Na kasa kunne. Ta haye ba ta ce uffan ba, allurar zafi tana zaune a tsakiya. Yaya bai yabe ni ba. Ya dai ce, "Uku," na ba shi uku daidai.

Tun daga Magarya muka ga ƙasa a jiƙe. Da muka ƙetare iyaka a Babban Mutum gonaki duk sun yi layi-layi, shanu suna ta huɗa ko'ina. Ba mu shiga gida ba, don wani mai keke ya ce mana Baba yana gona tun safe.

Daga bakin hanya muka hango shi. Gonakin maƙwabta duk an gama, tamu kuwa ko kwata ba a ci ba. Baba ne shi kaɗai a tsakiya, a sunkuye, yana huɗa da garmar hannu, abin da rabonsa da yi tun ina goye. Yaya ya danna oda. Baba ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu, ya tako har inda muke. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗora tafin hannu a bonet yana sauraren injin.

"Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau, Baba," in ji Yaya. "Har ta fara lodi. Gobe Gwiwa za mu kai lodi, jibi sai a kawo shanun haya."

"Alhamdu lillahi. Hannun fa?"

"Ai motar ce, Baba, da handul..."

"Ni ne, Baba," na ce. "Na taɓa abin da ban iya ba."

Wannan ce magana mafi gajarta da na taɓa yi a rayuwata. Baba ya dube ni, ya dubi karan ɗorin, ya dubi gonar da ta rage.

"Yanzu ka iya?"

"Na fara."

"To madalla. Habu, kashe ta, mai take sha. Je ka zauna a inuwa." Ya miƙo min garmar, ƙotar tana da ɗumin hannunsa. "Shanu sai jibi, ƙasa kuwa ba ta jira. Rabon hannun da ka karya yana nan, ga shi can har gindin kuka. In ka gama sai ka fara naka."

Na cire sifanar daga aljihu na ajiye a kujerar mota, na naɗe ƙafar wando, na shiga gona.